Wace hanyar ƙauye ce mai kwalta za a iya tuƙa keken tsere hankali kwance?

Ɗan Unguwar Dosa ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka riga ni shiga harkar keken tsere a jihar nan ta Kaduna.

Ni ma'aikaci ne, shekaruna sun haura arba'in. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 na koma zuwa wajen aiki da keke, a hankali abin ya shiga raina har na sayi na tsere, ɗan gwanjo, mai lanƙwasasshen kai da siririyar taya. Asabar da Lahadi nakan fita bayan sallar asuba, in bi Isa Kaita, in ratsa Unguwar Rimi, in haye gada in miƙe titin Yakowa har inda ya haɗu da titin Kachia, sannan in juyo. Titin yana da faɗi, ban raina masa ba. Amma da ƙarfe takwas ta yi, tifofin yashi da 'yan Keke Napep sun cika shi, kuma gaskiya idona ya gaji da katangun bulo da gidajen mai.

A ƙauye na tashi, wajen Ikara. Abin da nake nema shi ne in sake jin ƙanshin gona, in ga dawa ta fitar da kai, in yi tafiyar minti goma ban ji hon a bayana ba. Ina son hanya mai kwalta, mota kaɗan, wadda zan yi kilomita 60 zuwa 80 zuwa da dawowa, in iso gida kafin azahar.

Na duba taswira a waya, hanyoyi biyu suka ja hankalina. Ta farko ita ce ta Kujama zuwa Kajuru, saboda duwatsun da ke wajen. Ta biyu ita ce ta Mando zuwa Buruku, da na ji an ce yanzu mota ba ta da yawa a kanta. Maiɗakina ba ta yarda da ko ɗaya ba, ni ma kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Shi ya sa na ce bari in tambayi waɗanda suka taka da ƙafarsu. Wace hanya kuke bi? Wane lokaci na shekara ya fi? Sannan tayata lamba 23 ce, wato faɗinta milimita 23, za ta jure kwaltar ƙauye?

Malamin Samaru ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Barka da shigowa cikinmu. Kafin komai, ka saurari maiɗakinka, ta fi taswirar wayarka sanin Kaduna.

Akwai abin da nake faɗa wa duk wanda ya zo mini da irin wannan tambaya. Hanyar da babu mota daban take da hanyar da babu mutane. A ƙasashen da ake tseren keke sosai, irin su Faransa da Italiya, mutum yakan nemi hanyar da ba kowa, domin abin tsoronsa ɗaya ne, mota. Mu nan abin tsoronmu biyu ne. In ka ga kwalta lafiyayya a jihar Kaduna ta yi tsit, babu ɗan acaba, babu mai tallan rake, babu manomi da fartanya a kafaɗa, to ka tambayi kanka abin da ya kori mutane daga kanta. Abin da kake nema shi ne hanyar da mota ta yi ƙaranci amma jama'a suka yi yawa, wadda kafin rufin kwanon wannan ƙauye ya ɓace maka ka hango hasumiyar masallacin na gaba.

Da wannan ma'auni, duka biyun da ka ambata ban ba ka shawararsu ba. Kajuru wuri ne mai kyau, babu mai musu. Na san shi tun ana zuwa yawon buɗe ido gidan nan na kan dutse da wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980. Amma a gidan nan ne 'yan bindiga suka kashe mutum biyu a watan Afrilun 2019, ɗaya Baturiyar Ingila ce mai aikin agaji, kuma tun daga lokacin ƙauyukan yankin sun sha garkuwa da mutane. Hanyar Buruku kuwa ita ce hanyar Birnin Gwari. A wannan shiyyar Kuriga take, inda aka kwashe ɗalibai sama da ɗari a watan Maris na 2024. Na san an yi sulhu a ƙarshen shekarar, har kasuwar shanun Birnin Gwari ta sake ci, muna roƙon Allah ya ɗorar. Amma mai mota yana ratsa dajin cikin ɗan lokaci, kai kuwa awa guda za ka yi a ciki, da hular kwano da riga mai ƙyalli, duk wanda ya hango ka daga nesa ya ɗauka wani babban mutum ne. Ka bar wa masu larura wannan hanya tukuna.

Shawarata, ka ɗora kekenka a mota ka zo Zariya. Kilomita wajen 80 ne kawai tsakaninmu, kuma ƙasar nan tamu ƙauye ne a jikin ƙauye.

Wadda na fi so ita ce hanyar Hunkuyi. Ka fita ta Basawa, ka nufi arewa, ita ce hanyar da ke wucewa ta shiga jihar Katsina ta nufi Kafur. Manyan motocin da ke zuwa Kano suna kan babban titi, masu zuwa Funtua da Sakkwato suna bin Samaru da Shika, ita kuwa wannan ta tsakiya sai ƙananan motoci da babura da kekunan manoma. Ƙasar Kudan ce, ƙasar rake da tumatir da albasa. Duk inda hanya ta ɗan gangara za ka tarar da fadama, rake ya tsaya ya fi mutum tsawo, kuma da rani ya kama za ka ga hayaƙi yana tashi a bakin gonaki inda ake dafa mazarƙwaila. Ƙanshin ruwan raken nan da ake tafasawa yakan biyo iska ya tare ka tun ba ka ga masu aikin ba. Babu dutse, babu hawa mai wahala, sai tudu da gangare masu sauƙi da ke bin juna, irin waɗanda ba ka sanin kana hawa sai ka ji numfashinka ya canza. Ga rimi da kuka da ɗorawa a tsakiyar gonaki, ga giginya nan da can. Wanda ya tashi a Ikara ba sai an yi masa bayani ba, ƙasarku ce.

Wani alherin wannan hanya shi ne iska. Da hunturu iskar daga arewa maso gabas take zuwa, kuma ba ta cika ƙarfi da asuba ba, sai rana ta ɗaga. In ka fita da sassafe ka yi arewa kafin ta tashi, lokacin da za ka juyo ta riga ta kankama, sai ta turo ka gida ta baya. Wanda ya juya lissafin, ya fara da kudu, shi zai dawo a gajiye iska kuma tana dukan ƙirjinsa.

Ta biyu ita ce hanyar Soba, wato tsohuwar hanyar Jos. Ka bi ta Dakace, ka haye kogin Galma, ka wuce Maigana har Soba, in kana da ƙarfi ka hango Pambeguwa. Ƙasar masara ce da barkono. Ta fi ta Hunkuyi mota, musamman lokacin kaka da ake kwasar hatsi, kuma gabas ta nufa, saboda haka da safe rana tana cikin idonka. Wannan ba kai kaɗai ya shafa ba, direban da ke tahowa ta bayanka shi ma ranar tana cikin nasa idon, yana iya zuwa dab da kai bai gan ka ba. Ni nakan jira rana ta ɗan ɗaga kafin in hau ta.

In kana son gajeriyar fita ta motsa jini, ka zagaya ta Wusasa, ka ga tsohuwar majami'ar ƙasa da aka gina a 1929, garin da Janar Yakubu Gowon ya tashi, ka tsaya ka kalli Dutsen Kufena. Amma wannan ba za ta ba ka kilomitan da kake nema ba. Hanyar Shika zuwa Giwa kuwa, da can ita ce filin atisayenmu. Yanzu iyakata Shika, domin yammacin Giwa ya haɗu da dajin da muke gudu.

Lokaci mafi daɗi shi ne daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ba ta gama bushewa ba, dawa ta nuna, hazo bai sauko ba. Sai dai ka kula, lokacin ne manoma ke shanya masara da barkono da shinkafa a gefen kwalta, suna tokare su da duwatsu. Kada ka taka wa mutum shanyarsa, guminsa ne na shekara, kuma hatsi a kan kwalta santsi gare shi. Disamba da Janairu akwai sanyi da ƙura da hayaƙin ƙonan daji, ana iya fita amma da abin rufe hanci da safar hannu. Maris da Afrilu, in ƙarfe goma ta same ka a hanya ka shiga wahala. Agusta kuwa ruwa yana cika ramuka, ba ka sanin zurfin rami sai ka faɗa.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne ya fi taya da giya muhimmanci. Ka riƙa gaisuwa. Ka tsaya wajen mai shayi ɗaya a kowace fita har ya san fuskarka, ka gaida dattawan da ke zaune a dakali, ka tambaye su lafiyar hanya a gaba. Su ne suka san abin da ya faru jiya da daddare, tun kafin rediyo ya sani. In suka ce maka yau ka juya, ka juya, kada ka tsaya neman dalili.

Mai Faci na Tudun Wada ya amsa:

Salamu alaikum. Yarona ne yake rubuta mini, ni nake faɗa. Tun zamanin Raleigh da Phoenix nake wannan sana'a, yanzu kuma irin kekunanku na gwanjo sun fi yawa a rumfata.

Ɗana, lamba 23 ta kwaltar Turai ce. Ka sa 28 in jikin keken zai karɓa. Tsofaffin kekunan tsere masu birkin roba wasu ba sa wuce 25, wasu suna ɗaukar 28, sai an gwada an ga ko taya tana gogar ƙarfe. Kada ka saya sai an gwada a gabanka. Mai faɗin ta fi shanye girgiza, hannunka da bayanka za su gode maka. Kuma ka daina cika mata iska har ta zama dutse, amma kada ta yi laushi. In ta yi laushi ka daki bakin rami, ƙarfen zai cije tiyub ya huda shi wuri biyu gefe da gefe, irin wannan huda faci ba ya riƙe ta da kyau.

Ga abin da yawancinku ba ku sani ba sai kun lalace a hanya. Mai facin ƙauye gwani ne, amma kayansa na Phoenix ne. Tayar Phoenix lamba 28 ce ta inci, wato girman da'irarta ba faɗinta ba, girman taka kuwa 700 ake kiransa, ba sa shiga juna ko da kuwa a ido kamar ɗaya suke. Bawul ɗinka siriri ne mai ɗan noti a kai, famfonsa ba zai kama ba. Saboda haka ka tafi da tiyub biyu naka, da famfonka na hannu, da faci da sholisho, da abin zare taya, da alanki. Ka koyi cire tayar baya a tsakar gidanka, ba a bakin hanya rana tana dukanka ba.

Babban abokin gabarka a hanyar ƙauye tsidau ne da ƙayar bagaruwa. Ba a tsakiyar kwalta suke ba, suna gefe, inda za ka sauka ka sha ruwa. In za ka huta, ka sauka a kan kwalta ka ɗaga keken a hannu zuwa inuwa. Kafin ka sake hawa ka shafa taya da hannu ka cire abin da ya maƙale. In ka yi faci, ka laluba cikin tayar da yatsa, sau da yawa ƙayar tana nan a ciki tana jiran sabon tiyub.

Sannan don Allah ku daina zuba wa cen baƙin mai. Da hunturu ƙura tana haɗuwa da shi ya zama kamar dutsen niƙa, ya cinye cen ya cinye haƙoran giya, kuma kayan giyar irin kekenku tsada gare su, wani lokaci ma babu su a Kaduna sai an aika Kano ko Legas. Ka goge da tsumma bayan kowace fita, ka ɗiga mai mara kauri kaɗan, ka sake gogewa. In ka shigo Tudun Wada ka kawo shi in duba maka birki da boris kafin ka yi nisa. Allah ya tsare.

'Yar Kagoro ta amsa:

Sannunku da hira. Baba mai faci, na gode, maganar bawul ɗin nan gaskiya ce.

Malamin Samaru ya yi magana mai kyau, amma ban yarda a ce mai neman kyan ƙasa ya tsaya a Zariya ba. Yayana, ka ce duwatsu ne suka ja ka zuwa Kajuru. To in duwatsu kake so, ka zo kudu. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kafanchan, ina tuƙa keke tare da ƙannena da wasu abokansu, kuma ban ga inda ya kai ƙasarmu a jihar nan ba.

Daga Kafanchan zuwa Kagoro tafiyar kamar rabin awa ce a keke, kuma tun ka bar gari dutsen Kagoro yake gabanka, yana ƙara girma kana matsowa, har ka shiga garin ka ga ya tsaya a kansa. Tsayinsa ya haura mita 1,200 daga teku. Da damina gajimare yakan sauko ya rufe kansa da safe, ruwa yana zubowa ta tsakanin duwatsu. Daga nan ka miƙe zuwa Manchok, duwatsu suna raka ka, ga gonakin acca da doya da dawa, ga mangwaro a kowane gida. Wanda yake son ya gwada ƙafarsa da gaske, bayan Manchok hanya tana hawa zuwa Filato ta Ganawuri har wajen Vom. Wannan hawa ba irin tudun Hunkuyi ba ne. In kekenka na tsere ne na da, mai ƙananan haƙoran giya a baya, za ka sauka ka tura. Ka sa Baba ya duba ko zai samo maka babban faranti na baya, mai haƙora 30 ko 32. Gangarowa kuma ta fi hawan haɗari, birki biyu ake kamawa a sassauta, a kama a saki, ba a riƙe su gaba ɗaya har ƙarfe ya yi zafi.

In ba ka son hawa sosai, ka bi hanyar Zonkwa ka tsaya a Madakiya ka ga ruwan Matsirga yana faɗowa daga kan dutse. Satumba da Oktoba ya fi ƙarfi. Ko ka yi yamma zuwa Kwoi, ƙasar citta, kusa da ƙauyen Nok inda masu haƙar kuza suka fara tono gumakan yumɓun nan a 1928, waɗanda duniya ta san Najeriya da su. Manoman wajen sun sha wuya a 2023 da cuta ta cinye citta, har yanzu wasu ba su gama farfaɗowa ba, in ka tsaya shan kunu za ka ji labarin daga bakinsu.

Ruwanmu yana riga naku sauka yana kuma daɗewa, shi ya sa har Nuwamba ƙasa kore take. Ka guji ranar 1 ga Janairu in tuƙi ya kawo ka, ranar bikin Afan ce, bikin al'adar mutanen Kagoro, hanyar Kagoro ba ta da masaka tsinke. In kallo ya kawo ka kuwa, ka zo, ka ajiye keken a gida.

Ba zan ɓoye maka ba, mu ma mun ga tashin hankali. A 2022 an kai hare-hare ƙauyukan Kagoro, an kashe mutane da yawa, wasu na san su, wasu mu muka karɓe su a asibiti. Saboda haka dokar Malam tana aiki a nan ma. Muna bin babbar hanya tsakanin gari da gari, ba ma shiga burji cikin daji, ba ma fita kafin gari ya waye sosai, ba ma kai yamma. Akwai shingayen sojoji, ka rage gudu tun daga nesa, ka cire baƙin gilashi, ka gaishe su, ka riƙe katin shaidarka. Kuma baƙo ba ya fita shi kaɗai, sai da ɗan gari. Tafiyar awa uku zuwa huɗu ce a mota daga Kaduna ta Kachia da Zonkwa, don haka kwana za ka yi, ka taso da rana tsaka ba da yamma ba.

Ta ɓangaren aikina kuma, tunda ka haura arba'in, ka je a auna jininka da sukari kafin ka fara dogon zango. Ka riƙa kurɓar ruwa tun ba ka ji ƙishi ba, kamar gora ɗaya ta rabin lita ko fiye a kowace awa, in da zafi ka ƙara. Gora ɗaya ka zuba mata gishiri da sukari irin na ORS. Ka sa dabino ko ayaba ko ƙuli-ƙuli a aljihu, ka ci kafin yunwa ta kama ka. In ka ji jiri, ko ciwon kai, ko ƙirji ya riƙe, ka sauka nan take.

Roƙona ɗaya, in kun haɗa ƙungiya kada ku manta da mata. 'Yan matan ƙauyukanmu da keke suke zuwa gona da makaranta. Wadda ta fara wakiltar Najeriya a tseren keke na Olamfik mace ce, Ese Ukpeseraye, a Paris a 2024. Akwai 'yan mata a Kaduna da suke so, abin da ya hana su shi ne rashin waɗanda za su fita tare.

Direban Kawo ya amsa:

Ni ba na hawa keke, Sharon nake ja daga tashar Kawo zuwa Zariya, amma ina ganinku a hanya, bari in faɗa muku yadda kuke a idon direba.

Yallaɓai, kada wani ya ce maka tunda an gyara titin Zariya ka tuƙo kekenka a kai. Gyaran ne ya ƙara masa haɗari gare ka. Da can rami yana rage mana gudu, yanzu babu mai rage mana. Gefen titin da kuke ɗauka naku ne, nan muke sauke fasinja, nan tirela take kwana, nan 'yan acaba suke tahowa ta hannun da ba nasu ba, musamman Rigachikun da Mararrabar Jos. Iskar tirela kaɗai tana iya jawo keke ƙarƙashinta.

A hanyar ƙauye kuma ku sani direba bai saba da keke mai gudu ba. In na hango keke, lissafina na mai ɗauke da buhu ne, sai in ga zan riga shi shan kwana, ashe kai gudunka ya ninka nasa. Kada ka ɗauka an gan ka sai kun haɗa ido. Ku sa riga mai haske, ruwan lemo ko ruwan ɗorawa, baƙar riga a cikin hazo ba a ganinta. 'Yar jar fitilar nan mai ƙyaftawa a baya tana aiki ƙwarai, ko da rana. In kuna da yawa ku jeru ɗaya bayan ɗaya. Kuma ku tambayi ranar kasuwar kowane gari da ke kan hanyarku, hanyar da ta yi shiru ranar Lahadi ranar kasuwa a-kori-kura ce ke cika ta, an yi lodi har sama, birki sai addu'a.

Kawo keken Zariya ba wuya. Ka cire tayoyin biyu, ka naɗe wajen giya da tsumma, ka biya kuɗin kujera ɗaya a baya. Kada ka yarda a ɗaure shi a but a ɗora masa buhu.

Ɗan Unguwar Dosa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa maiɗakina duka, ta ce Hunkuyi ta yarda, da sharaɗin ba ni kaɗai ba. Baba, zan kawo keken ranar Asabar a gwada 28 ɗin. 'Yar'uwa ta Kagoro, bayaninki ya sa mini son zuwa, amma bari ƙafata ta yi ƙwari tukuna, in Allah ya kai mu baɗi bayan damina zan neme ku. Ina da 'ya mai shekara goma sha huɗu da take damuna in saya mata keke, maganarki ta sa na sake tunani.

Malam, saura tambaya biyu. Ina amfani da manhajar Strava a waya ina ajiye tafiyata, abokai suna gani, akwai matsala? Sannan in zo da asuba daga Kaduna ko in kwana a Zariya?

Malamin Samaru ya amsa:

Ka ci gaba da ajiye tafiyarka, amma ka rufe ta yadda sai waɗanda ka sani za su gani, ka kuma ɓoye inda take farawa da inda take ƙarewa, domin ƙofar gidanka ke nan. Kada ka sanar a Facebook cewa gobe ƙarfe kaza za ka bi hanya kaza. Hoto sai an dawo. Wanda ya kamata ya san hanyarka da lokacin dawowarka ita ce maiɗakinka, ka ba ta lambar ɗaya daga cikinmu. Ka riƙe 'yan canji a aljihu, masu shayin ƙauye ba duka ke karɓar tiransifa ba, kuma akwai wuraren da sabis yake ɗaukewa.

Ka kwana a Zariya, ya fi. In ka taso daga Kawo bayan asuba, kafin mota ta cika ku iso ka haɗa keke, sanyin safiya ya wuce. Ka zo ranar Juma'a da la'asar, akwai ɗaki a wajena. Mu huɗu ne muke fita, ɗayanmu ɗan Hunkuyi ne, shi yake kiran gida da daddare ya ji lafiyar hanya. Ranar farko ba za mu wuce kilomita 50 ba, mu ga yadda jikinka zai karɓa, in ya yi sai mu ƙara a fita ta gaba. Ka zaɓi Asabar ɗin da ta yi maka a cikin Nuwamba ka sanar da ni ta saƙo. Muna haɗuwa da sauran a Kwangila ƙarfe shida da kwata, ka zo da tiyub biyun da Baba ya ce da rigar sanyi mara nauyi.